Ɗan ƙarfen da ke gadin rayukan fasinja

Cikin dubban ƙarafan da aka harhaɗa aka yi mota, da wuya a samu wanda ya fi shi ƙanƙanta ko araha. Tsawonsa bai kai na ɗan yatsa ba, kaurinsa bai ɗara na tsinken ashana da yawa ba, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Faransawa na ce da shi goupille fendue, makanikai a garajojin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suna kiransa gupi. Waya ce da aka lanƙwasa biyu, ta yi kai guda da ƙafafu biyu. Amma a motoci masu yawa da ke jigilar jama'a a hanyoyin Nijar, wannan ƴar waya ita ce gadi na ƙarshe tsakanin tayar gaba da fita daga mazauninta. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma maganar ta dace da gupi kamar don shi aka yi ta.

Ƙasar da kome ke bisa taya

Nijar ƙasa ce mai faɗi, ba ta da gaɓar teku, ba ta kuma da jirgin ƙasa mai jigilar matafiya. Ɗan kasuwa da ɗalibi da majinyaci da amarya duk mota suke shiga. Daga Yamai zuwa Maraɗi, bisa babbar hanya mai lamba ɗaya wadda ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa, akwai kilomita wajen 660. Zuwa Damagaram kuwa kusan 900. Tayar ƙaramar mota tana cin kimanin mita biyu a kowane juyi, ke nan tana juyawa sau 500 cikin kilomita guda, sau dubu 450 kafin mai tashi daga Yamai ya hango dutsen Damagaram. A kowane juyi akwai rami ko tudu ko gargada da ke aika duka zuwa ga ƙarafan ƙarƙashin mota.

Da an sauka daga gudron kuwa, sai jar ƙasa mai ƙunya-ƙunya wadda direbobi suka sani da sunan tôle ondulée, sai rairayi, sai kwazazzaban da damina ta haƙa. Nan ne motocin cin kasuwar ƙauye ke bi kowane mako, ɗauke da lodin da ya zarce abin da masu ƙera su suka ƙayyade. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na shekarar 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke rasa rai kowace shekara a haɗarin hanya, kuma yankin Afirka shi ne kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a, da mutuwa wajen 19 cikin kowane mutum dubu 100. Gudun wuce kima da gajiyar direba da lalacewar hanya su aka fi ambata, gaskiya ce kuma. Sai dai lafiyar mota ita ma tana da nata kaso, kuma a cikin lafiyar mota, abin da ke riƙe da tayar gaba yana sahun farko.

Mene ne rotil?

Tayar gaba tana da aiki biyu a lokaci guda: tana hawa da sauka bisa ga yadda hanya take, tana kuma karkata hagu da dama bisa ga umurnin sitiyari. Don haka ba ta yiwuwa a ɗaure ta da jikin mota ɗaurin da ba ya motsi. Sai an yi mata gaɓa, irin wadda Allah ya yi wa ɗan Adam a inda kan ƙashin cinya ke juyawa cikin kwarmin ƙugu. Wannan gaɓa ita ce rotil. Dunƙulen ƙarfe ne mai santsi da ke zaune cikin ƙoƙo, an cika shi da giris, an rufe bakinsa da roba don kada ƙura ta shiga. Daga dunƙulen sai wutsiya ta fito, ita ce ke shiga cikin ƙarfen da ke ɗauke da taya, a ɗaure ta da noti, wato ekuru.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Tun a shekarar 1934 motar Citroën Traction Avant ta fito da rotil a ƙafafunta na gaba, kuma a shekarun 1950 masana'antun Amurka suka rungume ta, suka bar tsohon sandan ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, wanda har yanzu ake gani a manyan kamiyoyi. Mota guda tana iya ɗaukar rotil da dama. Akwai na ƙasa, akwai na sama ga motocin da ke da hannuwa biyu a kowace ƙafa, kamar yawancin motocin ɗaukar kaya da ƙananan bas-bas, sa'an nan akwai ƙananan rotil na sitiyari da ke bakin sandunan da ke tura taya. A wasu motocin, nauyin kowane gefe na gaba ta cikin rotil guda yake ratsawa kafin ya isa ƙasa.

In rotil na ƙafa ya rabu ana cikin tafiya, taya takan kife waje ko ta shige ƙarƙashin mota, gaban motar ya dafa ƙasa, bututun man birki na iya tsinkewa. In na sitiyari ne ya fita, direba zai juya sitiyari taya guda ta ƙi bin umurni. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gane abin da ya faru, ta riga ta yi tafiyar da ta isa ta kai ta cikin rami ko gaban wata motar.

Abin da ke riƙewa da abin da ke gadi

Akwai kuskuren fahimta da ya yaɗu, har a tsakanin waɗanda suka daɗe da sana'a: ana zaton gupi shi ke riƙe taya. Lamarin ba haka yake ba. Wutsiyar rotil ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da kauri daga gindi, tana sirancewa zuwa sama, kuma ramin da take shiga an sassaƙa shi daidai da ita. Manomi ya san wannan hikima tun kafin zuwan mota: ruwan fartanya yana zama daram cikin ƙota ne domin tsininsa ya matse a rami, kuma duk ƙarin bugu ƙarin kamu ne. Haka wutsiyar rotil take. Noti yana jawo ta da ƙarfi har ƙarfe ya ciji ƙarfe, wannan cizo kuwa shi ke ɗaukar nauyi da duka. Shi ya sa ko an kwance noti, rotil mai lafiya ba ya fita sai an sa na'urar ɓamɓarewa.

To, ina amfanin gupi? Amsar tana ga girgiza. A shekarar 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna ta hanyar gwaji cewa notin da aka ɗaure yana iya kwance kansa da kansa in ƙarafan da ya haɗa suna zamewa gefe da gefe, ko da zamewar ba ta kai kaurin gashi ba. Kowace zamewa tana sassauta kamun zaren na ɗan lokaci, noti ya juya kaɗan, ya ƙara juyawa, har ya saki. Na'urar gwajin da ya ƙirƙiro har yau da sunansa ake kiranta. Hanya mai gargada kuwa tamkar wannan na'ura ce da aka shimfiɗa tsawon kilomita ɗari.

Don maganin haka aka ƙera noti na musamman, mai tsaga shida a kansa, wanda in an dube shi sai ya tuna wa mutum zankayen sorayen unguwar Birni ta Damagaram. Faransawa na kiransa écrou à créneaux. A wutsiyar rotil kuma an huda ƙaramin rami. In aka gama ɗauri, sai a zura gupi ya ratsa tsaga, ya ratsa rami, ya fito ta ɗaya gefen, a buɗe ƙafafunsa. Daga nan noti ba shi da hanyar juyawa. Ashe ke nan ɗauri shi ke riƙewa, gupi kuma gadi yake yi don kada ɗaurin ya warware. Rotil da aka ɗaure sakwa-sakwa, ko an sa masa gupi goma, wutsiyarsa za ta yi ta kaɗawa cikin rami, ta cinye ramin, ta gaji, wata rana ta karye daga gindin zare. Wanda aka ɗaure da kyau aka bar shi ba gupi kuwa yana iya yin watanni lafiya lau, har ranar da girgiza za ta same shi a sa'arta.

Ƙa'idar ɗauri

Littattafan gyara na masu ƙera motoci sun yi ittifaƙi kan matakan aikin, kuma ba su da wuyar riƙewa. Da farko a share wutsiya da ramin da za ta shiga, su bushe, ba giris, ba yashi, ba tsatsa, domin maiƙo a wannan wuri yana rage cizon da ake nema. A duba ramin da kyau. In ya buɗe ya zama kamar ƙwai saboda tsohon rotil ya daɗe yana kaɗawa a ciki, sabon rotil ba zai zauna ba, sai an sake ƙarfen baki ɗaya. Sa'an nan a ɗaura noti da hannu, a ƙarasa da makulli mai awo, wanda ake kira clé dynamométrique, har zuwa adadin da mai ƙera motar ya rubuta. Adadin ya bambanta daga mota zuwa mota: ƙaramin rotil na sitiyari yana iya tsayawa a Newton-mita 40 ko kusa da haka, babban rotil na ƙasa a motar sahara kuma ya haura 100. In wutsiya tana juyawa tare da noti, ana danna rotil ɗin daga ƙasa da jak ko da sandan ƙarfe har ya kama.

A nan ne ake zuwa ga wurin da aka fi yin tuntuɓe. An kai awo, amma tsagar noti ba ta yi daidai da ramin wutsiya ba. Hanya biyu ce a gaban makaniki: ya ƙara ɗaurewa har tsaga ta gaba ta iso, ko ya sassauta zuwa tsagar baya. Ƙa'ida ita ce a ƙara, ba a komawa baya ko kaɗan. Tun da tsaga shida ce, ƙarin ba zai wuce kashi ɗaya cikin shida na juyi ba, wato digiri 60, kuma a zaren da ke tafiyar milimita ɗaya da rabi a kowane juyi, wannan rubu'in milimita ne kawai. Ƙarfen yana iya ɗaukar wannan ƙari. Sassautawa kuwa, ko ta rubu'in milimita ce, tana zubar da kaso mai yawa na matsin da ke riƙe wutsiya.

Kuskuren yana da asali. A tsofaffin motoci da kamiyoyi, notin da ke tsakiyar tayar gaba, mai riƙe da rulma, shi ma mai tsaga ne, shi ma da gupi ake tsare shi. Amma can ƙa'idar a juye take: ana ɗaurewa, sa'an nan a sassauta kaɗan don rulma ta samu sararin juyawa, kada ta yi zafi ta ƙone. Yaron garaji da ya koyi wannan a wurin taya, in ba a fahimtar da shi dalili ba, sai ya kai ɗabi'ar ga rotil. Noti iri ɗaya ne, gupi iri ɗaya ne, amma ɗaya yana son numfashi, ɗayan kuma ba ya son kome sai matsi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Shi kansa gupi yana da sharuɗɗa. Kaurinsa ya cika ramin, ya shiga da ɗan turi, kada ya yi ta rawa a ciki. Ma'aunin duniya mai lamba ISO 1234 ya tsara girmansa, kuma a rotil na ƙananan motoci an fi cin karo da mai milimita biyu da rabi ko uku da ɗigo biyu. Kansa ya nutse cikin tsaga. Ƙafa guda a lanƙwasa ta bisa kan wutsiya, ɗayar a kwantar da ita a jikin noti, ko kuma a naɗe su biyun a gefe da gefe, kowace ta bi nata ɓangare. Abin da ya yi saura a datse shi, don kada tsininsa ya yage roba ko ya gogi wani ƙarfe mai juyawa. In aka gama, a taɓa shi da yatsa. Wanda aka sa daidai ba ya motsi.

Tsohon gupi, ƙusa da waya

Gupi sau ɗaya ake amfani da shi. An yi shi da ƙarfe mai taushi don ya lanƙwasu ba tare da ya tsage ba, amma duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san sirrin: a lanƙwasa, a miƙe, a sake lanƙwasawa, wurin ya taurare, ya yi rauni, ya ɓalle. Tsohon gupi da aka miƙe bisa dutse da guduma ya riga ya ci rabin wannan tafiya. Yana iya shiga rami, yana iya lanƙwasuwa, ido ya gan shi kamar lafiyayye, alhali kuwa tsaga ta riga ta kama gwiwarsa. Girgizar hanya za ta ƙarasa aikin, ƙafa ta faɗi, sauran ya zame.

Abin da ake yawan gani a madadinsa shi ne ƙusar kafinta ko guntun wayar ɗaurin rodi ko silin tayar keke. Ƙusa ƙafa guda gare ta. In an lanƙwasa ta, lanƙwasar ba ta kwanta a jikin noti, kanta kuma ba ya nutsewa cikin tsaga. Waya siririya ce, tana barin noti ya yi ta kai da kawowa har ya yanke ta kamar almakashi. Direban da mota ta lalace masa tsakanin Tanut da Agadas, inda babu shago babu garaji, ba mai zarginsa in ya sa ƙusa don ya isa gari a hankali. Laifin yana farawa ne ranar da aka isa gari aka manta, ƙusar wucin gadi ta zama ta dindindin.

Akwai kuma matsalar notin da bai dace ba. Wani lokaci notin asali ya ɓace, a samo na gama-gari marar tsaga, a ɗaura, a zura gupi a samansa. Irin wannan gupi bai hana noti juyawa ba, sai dai ya tare shi bayan ya riga ya saki. Wani lokacin kuma notin mai tsaga ne, amma ya nutse har ramin wutsiya ya tsaya a sama da tsagogin. Wannan alama ce cewa rotil ɗin ba na motar ba ne, ko ramin ya ci. Cusa wasoshi a ƙarƙashin noti don a ɗago shi rufe ciwo ne da tsumma.

Ya kamata kuma a san cewa ba kowace mota ke da gupi ba. Motoci da yawa na zamani, musamman na Turai, suna amfani da noti mai kulle kansa, wanda ke da zoben roba mai tauri a ciki ko kuma aka matse bakinsa. Wasu kuma ana maƙale wutsiyar da ƙusa mai zare da ke ratsawa ta gefe. A irin waɗannan babu rami a wutsiya, kuma ba a huda shi, domin hudawa raunana ƙarfe ne. Sai dai hukuncinsu ɗaya da na gupi: notin da ke kulle kansa in an kwance shi, sabo ake sawa.

Yadda aka zo nan

Ɗabi'ar lallaɓa tsohon ƙarfe tana da tarihi. Shekaru da dama Peugeot 404 da 504 su ne sarakunan hanya a wannan yanki, kuma tun da masana'antar harhaɗa Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kayan gyaransu suna shigowa ta Kano da Katsina zuwa Maraɗi da Damagaram ba tare da wahala ba. Makaniki guda yana iya sanin motar daga kai har ƙafa. Ran 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran guda na Faransa da ke daidai da sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake sayowa daga waje ya ninka kuɗi dare ɗaya. Masu motoci suka karkata ga tsofaffin kayan da ake cirowa daga motocin da suka mutu, daga baya kuma ga sababbi masu araha waɗanda ba a san masana'antarsu ba. Tsofaffin motocin Turai da na Japan da aka yi ta saukewa a tashoshin ruwan Kotonu da Lome suka cika hanyoyi, iri-iri, kowace da nata awo, mafi yawansu ba tare da littafin gyara ba.

Rotil sabo na kirki yakan zo cikin kwali tare da notinsa da gupinsa a ƴar leda. Wanda aka ciro daga tsohuwar mota kuwa tsirara yake zuwa. Makulli mai awo yana da tsada, ba kowane garaji ke da shi ba, don haka awo ya koma ga ƙarfin damtse da tsawon bututun da aka zura wa makulli. Ga kuma gaggawa: mota ta yi lodi a tasha, fasinja na jira, mai mota na tsaye a kan makaniki. Maigidan garaji yakan yi babban aikin, ya bar wa ƙaramin yaro ƙarashe, gupi kuwa shi ne ƙarshen ƙarashe. Abu mafi muhimmanci a tsaron aikin ya faɗa hannun wanda ya fi kowa ƙarancin sani, a lokacin da kowa ya ƙosa a tashi.

Abin da gupi ba ya iyawa

Adalci ne a faɗi iyakar ɗan ƙarfen nan. Yana tsare noti, amma ba ya hana dunƙulen rotil cinyewa cikin ƙoƙonsa. In robar da ke rufe shi ta yage, ƙurar hunturu da yashi da ruwan damina sukan shiga su gauraya da giris, su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Dunƙulen ya yi ta raguwa, ƙoƙon ya yi ta buɗewa, har ranar da zai zare ya bar noti da gupi a ɗaure a wurinsu. Ko manyan masana'antu ba su ɗauki wannan da wasa ba: a shekarar 2005 kamfanin Toyota ya kira motoci sama da dubu 700 a Amurka don a sake musu rotil na ƙasa, saboda wani lahani da ke sa shi saurin ci.

Yawanci rotil ba ya mutuwa bai yi gargaɗi ba. Ƙwanƙwasa daga ƙarƙashin gaba in an taka rami, ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa in ana juya sitiyari, mota mai yawo a hanya sai direba ya yi ta gyara mata zama, taya mai cinyewa ta gefe guda: duk saƙo ne. Ruwa ba ya tsami banza. Gwajin kuma ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A ɗaga motar, a tokare ta da abin da ba zai zame ba, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a sake kamawa hagu da dama, wani kuma yana kallon gaɓoɓin. A sa sandan ƙarfe a ɗaga taya a ga ko akwai wasa. Bayan an sake rotil, musamman na sitiyari, sai an daidaita tayoyin gaba, in ba haka ba sabuwar taya za ta ƙare cikin ƴan makonni.

Nauyin da ke kan kowa

A sana'ar jiragen sama, inda ake amfani da wannan noti mai tsaga da wannan gupi a wurare masu yawa, ba a yarda wanda ya yi muhimmin aiki ya zama shi kaɗai ne shaidar aikinsa ba. Sai wani ya zo ya duba. Garajin bakin hanya ba shi da takardun filin jirgi, amma yana da maigida, kuma duban maigida kafin a mayar da taya ba ya cin minti guda. Akwatin gupi masu girma daban-daban yana iya yi wa garaji hidimar watanni. Makulli mai awo guda ɗaya yana isar garaji uku ko huɗu da ke maƙwabtaka, in sun haɗa kuɗi. Cibiyoyin koyar da sana'o'i da asusun FAFPA mai tallafa wa horon masu koyon sana'a suna da hanyar isa ga yaran garaji, kuma darasin awa guda kan bambancin notin rulma da notin rotil zai yi amfanin da ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Mai sayar da kayan gyara shi ma yana da nasa: kada ya raba rotil da ledar da ta zo da shi. Masu binciken lafiyar motoci da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER da ƙungiyoyin direbobi a tashoshi suna iya sa wannan cikin abin da ake dubawa, tun da yana cikin ƴan abubuwan da ido ke gani ba tare da an kwance kome ba. Mai mota kuwa, ko bai san kome a kanikanci ba, yana iya juya sitiyari har ƙarshe, ya durƙusa, ya haska bayan taya. In ya ga noti mai tsaga da rami fayau, ko ƙusa mai tsatsa, ko waya a naɗe, yana da haƙƙin ya ce a gyara kafin ya biya. Tambayar ba cin fuska ba ce ga makaniki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In haɗari ya auku, jama'a sukan ce ƙaddara ce, su yi addu'a, su yi haƙuri, kuma haƙuri abin yabo ne. Amma malamai sun sha tunatarwa cewa an umurci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Fasinjan da ya biya kuɗin mota a tashar Tawa ko ta Tasawa bai ga ƙarƙashin motar ba, bai san wanda ya ɗaure notin ba, bai kuma san ko an sassauta shi don neman rami ba. Ya ba da amanar ransa ga mutanen da ba zai taɓa saduwa da su ba. Sabon gupi, mai kaurin da ya dace, a kan notin da aka ɗaure bisa awo, shi ne shaidar cewa an riƙe wannan amana har ƙarshen aiki.